Harsashi na bakwai, wa zai sayar maka da shi?

Ranar da muka shigo Magarya ɗaukar albashin watan jiya, na zauna shan shayi da wani ƙanena a aiki, matashin malami ɗan kwantaragi da aka tura wata makarantar ƙauye can kusa da iyaka, tsakanin Dungas da Dogo-Dogo. Na san shi tun yana ɗalibi, domin a ajina ya yi gwajin koyarwa lokacin da yake makarantar horon malamai. Yaro ne mai natsuwa, ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Shi ya sa maganar da ya kawo mini ta tsaya mini a rai har yau.

Ya ce, "Yaya, ni fa na yanke shawara. Zan nemi 'yar ƙaramar bindiga in riƙa sokewa a ƙugu." Ya jero mini dalilansa. Sau biyu a wata yakan bi hanyar daji a kan babur, wani lokacin magariba ta riske shi. Kwanan baya an tare wani ɗan kabu-kabu a wannan hanyar an ƙwace masa babur. Nasa babur ɗin kuwa da bashi ya saye shi, bai ma gama biya ba. Sai ya ciro waya ya nuna mini bidiyon wani Ba'amurke yana bayani a kan libarba, ƙaramar bindigar nan da ake ɓoyewa cikin riga. Baturen yana ta lissafi, wai cikinta harsashi biyar ko shida kawai take ɗauka, don haka dole mai ita ya riƙa yawo da na ƙari a aljihu, ya kuma saba da sake cika ta cikin gaggawa. Ƙanen nawa ya ce ya kalli bidiyon ya fi sau goma.

Na bar shi ya gama, sannan na yi masa tambaya guda. Na ce, "To malam, in shidan nan suka ƙare, na bakwai wa zai sayar maka?" Ya yi dariya ya ce ai wannan mai sauƙi ne, wanda ya sayar maka da bindiga shi zai sayar maka da harsashi. Na ce masa to a nan gizo ke saƙa.

Na kawo wannan hira nan ne don na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Na ji irinta a fadar samari, na ji ta a bakin magidanta masu shanu, na ji ta a wajen wani ɗan kasuwa da ke zuwa Maigatari kowace Alhamis da kuɗi a jiki. Ra'ayina shi ne, malami ko uba da ya ɓoye bindiga a jikinsa don kare kansa ya jawo wa gidansa da garinsa haɗarin da ya fi wanda yake gudu, kuma hanyar da haɗarin ke bi ya shigo ita ce harsashi.

Kafin in faɗi dalili, bari in ba tsoron haƙƙinsa, domin ba na ƙarya ba ne. Muna da kunne. Mun ji abin da ya sami 'yan'uwanmu na Madarunfa da Gabi da Gidan Rumji a jihar Maraɗi, inda satar shanu ta rikiɗe ta koma satar mutane don kuɗin fansa, inda kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira suka kwararo daga Sakkwato da Zamfara. Mu malamai ba mu manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai maza fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a jihar Katsina, ko 26 ga Fabrairu 2021, da aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. Katsinar nan kuwa ba nesa take ba, daga Magarya ka bi ta Tinkim ka faɗa ƙasar Daura. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta dole ya shafa wa nasa ruwa. Abin tambaya kawai shi ne, abin da muke shirin shafawar ruwa ne ko fetur.

Alhamdu lillahi, har yanzu ƙasar Magarya da Dungas ba ta zama irin waɗancan wurare ba. Akwai ɓarayin dabbobi, akwai masu tare hanya, akwai rigimar gona da kiwo da ke tashi kowace kaka. Amma manomin rake a Bande yana kwana a fadamarsa, mai riɗi a Mallawa yana kai kayansa kasuwa, makarantunmu a buɗe suke. Yankin nan biyu, da aka raba su a 2011 lokacin da Dungas ta samu nata matsayi, a ƙidayar 2012 sun haura mutum 900,000, suna cunkushe a ɗan ƙaramin fili, gona na jikin gona, mashaya guda ta garke goma. Wuri mai cunkoso irin wannan, abin da ke riƙe da shi shi ne in rai ya ɓaci ana samun lokacin da dattijo zai iso ya raba. Bindiga a ƙugu wannan ɗan lokacin take cinyewa.

Yanzu mu koma ga harsashi na bakwai. Bindiga sau ɗaya ake sayenta, ƙarfe ce, tana iya kai shekara talatin ko fiye. Harsashi kuwa kamar man babur yake, ƙarewa yake yi. Wanda ya sayi bindiga dole ya gwada ta ya ga ko tana tashi, harsashi ya tafi. Dole ya koyi saiti, in ba haka ba ranar da ya ciro ta a firgice ɗan rakiyarsa zai harba, harsashi ya sake tafiya. Baturen cikin bidiyo da kansa yana cewa sai an yi ta maimaitawa hannu ke sabawa. Shi yana da kanti a bakin titi, da rasit, da filin koyon harbi da hukuma ta yi wa rajista. Malamin ƙauyenmu ina zai samu? Babu kantin harsashi a Dungas. Dokar ƙasar nan ta ce ba mai riƙe bindiga sai da izinin hukuma, shi kuwa ba ta wannan ƙofar ya yi niyyar shiga ba. Saboda haka zai koma wurin mutumin da ya sayar masa, wata bayan wata, ya ajiye lambarsa a waya, ya rufa masa asiri don shi ma a rufa masa.

Wane ne wannan mutumin? Mu da muke bakin iyaka mun san yadda fasa-ƙwauri ke tafiya. Mun ga jarkokin fetur a bayan babur, mun ga buhunan shinkafa suna ratsa daji lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun ga yadda ƙwayar tiramol ta shigo har ƙauyukan da ko rijiyar burtsatse babu. Hanya guda ce, kaya ne ke sauyawa. Tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka watsu cikin Sahara, wasu kuma daga rumbunan gwamnatoci suke zurarewa, ko a ƙwace su a hannun sojojin da aka kai wa hari. 'Yan sandan Zamfara da Katsina sun sha nuna wa 'yan jarida mutanen da suka kama, har da mata, ɗauke da ɗaruruwan harsasai za su kai wa 'yan bindiga a daji. Mai wannan sana'a ba ya tambayar mai saye ko malamin makaranta ne ko ɓarawon shanu. Wanda ya sayar maka da shida yau, gobe zai sayar wa wanda zai tare ka da sittin, kuma ya riga ya san gidanka, ya san ranar da kake ɗaukar albashi.

Akwai kuma lissafin kasuwa, wanda duk mai zuwa cin kasuwar ƙauye ya sani. Ɗan koli ba ya wahalar da kansa zuwa garin da ba a sayen kayansa. In mutum ɗaya ne ke neman harsashi a gari, ba mai ɗaukar kasadar kawowa. In sun kai ashirin, malami da mai shago da dillalin shanu da ɗan kabu-kabu, to hanya ta buɗe, an samu wakili, an samu ɗakin ajiya, farashi ya sauka. Ranar da farashi ya sauka har yaron da ya sayar da tunkiyar uwarsa zai iya saye, ranar ce garin ya tashi daga cikin garuruwan zaman lafiya. Mutanen kirki ashirin ɗin nan, kowannensu da niyyar kare kansa, su ne suka share wa mugu hanya da kuɗinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce, malam, kana magana ne don wuta ba ta iso ƙofarka ba. In gwamnati ta kasa, mutum ya miƙa wuya a yanka shi? Wannan magana ce mai nauyi, kuma manya sun faɗe ta. Aminu Bello Masari yana gwamnan Katsina ya ce a 2021 jama'a su nemi makami su kare kansu. Bello Matawalle ya faɗi irinta a Zamfara a watan Yuni 2022, har hukumomin tsaron tarayya suka fito suka ƙi amincewa. Ban ga laifin talakan da aka ƙone wa rumbu ba in ya ji maganar ta yi masa daɗi. Amma mu dubi Zamfarar kanta. Da satar shanu ta yi yawa, jama'a suka kafa 'yan sa-kai. 'Yan sa-kai suka fara kama mutane a kasuwa suna kashewa ba shari'a, sau da yawa don kawai kamanninsu ko yarensu. Waɗanda aka kashe wa dangi suka sayar da shanu suka sayi bindigogin da suka fi na 'yan sa-kai, suka dawo ramuwa a kan gari gaba ɗaya. Gwamnatin jihar da kanta ta sha haramta 'yan sa-kai daga baya. A duk wannan, wanda bai yi asara ba shi ne mai sayar da harsashi, domin ɓangare biyun duk abokan cinikinsa ne.

A ƙasarmu ma an gwada. Ranar 2 ga Nuwamba 2021, a yankin Banibangu na jihar Tilaberi, 'yan kwamitin sa-ido na ƙauyuka suka fita bin sawun maharan da suka addabe su, magajin garin na gaba. Aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi. Ba ragwaye ba ne, mazaje ne da suka gaji da binne 'yan'uwa, Allah ya jiƙansu. Amma in mutum masu yawa haka, a haɗe, da shugabansu, ba su tsira ba, malami guda a kan babur da harsashi shida a ƙugu da shida a aljihu me zai yi? Masu tare hanya ba sallama suke yi ba. Su suka zaɓi wurin, su suka zaɓi lokacin, bindigarsu na hannu tun kafin ka gan su, kai kuwa hannunka biyu na kan kan babur. Wanda aka tare ba makami yakan rasa babur da waya. Wanda aka ga ya kai hannu ƙugu, ko aka laluba aka ji ƙarfe a jikinsa, abin da yake rasawa ya fi haka, bindigar kuma ta koma hannunsu ta ƙaru a kan tasu. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Tunda bidiyon daga Amurka ya fito, ya kamata mu dubi abin da bai nuna ba. Ƙasar nan ta fi kowace ƙasa yawan bindiga a hannun farar hula, ƙiyasin da aka fitar a 2018 ya ce kusan bindiga 120 ga kowane mutum 100. In da bindiga a ƙugu ke kawo tsaro, da ba ƙasar da ta kai ta kwanciyar hankali. Amma a 2021 kaɗai mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a can, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu. Tun 2020 alƙaluman hukumar lafiyarsu suka nuna bindiga ta wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa. A garin Uvalde na jihar Texas, ranar 24 ga Mayu 2022, wani saurayi ya shiga makarantar firamare ya kashe yara 19 da malamai 2. Jami'an tsaro 376 suka taru a wurin, kowa da makami da horo, amma sai da aka yi minti 77 kafin a shiga ajin. A watan Janairu 2023 kuma, a jihar Virginia, yaro ɗan shekara shida ya ɗauko bindigar uwarsa ya zo da ita makaranta ya harbi malamarsa a cikin aji. Birtaniya ta bi wata hanya dabam: bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, sai aka haramta wa farar hula riƙe ƙananan bindigogi a shekarar da ta biyo.

Labarin yaron nan ɗan shekara shida shi ya fi kusa da mu iyaye. Mu tambayi kanmu, a gidan malamin ƙauye ina ake ɓoye abu? Ɗaki ɗaya ne ko biyu, akwatin ƙarfe guda, ƙarƙashin katifa, bayan tukunya, saman azara. Akwai wurin da yaro ɗan shekara takwas bai sani ba a cikin waɗannan? Shekarun baya, a wata makaranta da na riƙe aji shida, na ga yara sun yi cincirindo a bayan aji lokacin hutun tara. Da na leƙa sai na tarar wani yaro na nuna musu harsashi guda biyu masu rai, ya ciro su daga jakar wani kawunsa da ya dawo daga haƙar zinariya a Jado. Shawarar da suke yankewa lokacin da na iso ita ce a jefa ɗaya cikin wutar mai ƙosai a bakin makaranta a ji ko zai yi ƙara. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Bindigar ma ba su gani ba, na ƙarin da aka ajiye a aljihun jaka ne ya iso ajina.

Ban da yara, akwai mu kanmu manya. Wanda ya ɗauki bindiga yana tunanin ranar ɓarawo ce kawai zai ciro ta, alhali ɓarawo sau ɗaya zai zo ko ma bai zo ba, ita kuwa tana jikinsa kwana 365. Tana nan ranar da shanu suka shiga gonarsa gero na gab da nuna. Tana nan ranar rabon gado, da ranar da ya yi cacar baki da matarsa, da ranar da albashi ya yi wata biyu bai fito ba masu bashi na sallama. Dattawanmu sun san abin da ya faru a Toda ta ƙasar Maraɗi a watan Oktoba 1991, inda rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Fushi kaɗai ya isa ya yi wannan ɓarna. Sanda da gora suna barin rauni a kai mutum likita, a zauna gaban sarki a biya diyya, shekara ta zagayo a gaisa a kasuwa. Harsashi ba ya barin abin sasantawa. Ba banza ba malamanmu na addini suke hana mutum nuna wa ɗan'uwansa makami ko da wasa.

Sannan akwai abin da ya shafe mu malamai musamman. Yaro ba abin da muka rubuta a allo kaɗai yake koya ba, tafiyarmu ma kwaikwayonta yake yi. Ɓoyayyar bindiga a ƙauye ba ta wuce mako guda tana ɓoye. Ranar da 'yan aji suka san mushe na da ita, mun koya musu cewa cikar namiji ke nan, kuma darasin ya fi duk wanda muka bayar a kan zaman tare shiga kai. Mun ga inda irin wannan tunani ya kai samarin "pale" a birnin Damagaram, waɗanda Aicha Macky ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta na 2021 da ta ɗauka a unguwar Kara-Kara, su da mafi yawan makaminsu wuƙa ce da adda. Akwai kuma wani abu: abin da ke kare makarantar ƙauye shi ne kowa ya san babu komai cikinta sai alli da yara. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da sanarwar kare makarantu ta Oslo tun 2015, kuma ita da Norway suka gabatar da ƙuduri mai lamba 2601 da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ranar 29 ga Oktoba 2021 kan kare ilimi a lokacin rikici. Ruhin waɗannan takardu shi ne a nisanta makami da makaranta. Malamin da ya shigo da shi a ƙugunsa ya mayar da ajinsa wurin da mai neman bindiga zai zo nema.

Kada a ɗauka mu mutanen da ba su san bindiga ba ne. Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Sahara, har igwa da albarushi ana yi masa a Zinder, da su ya faɗaɗa ikonsa a kan ƙasashen Sosebaki, ciki har da Dungas da Waca. Amma makamin na dakarun sarki ne, akwai mai ba da shi, akwai wanda za a tambaya in an yi ɓarna. Maharbanmu ma da bindigar toka kowa ya san su, suna da sarkinsu, suna da ƙa'idarsu, a kafaɗa suke rataya ta rana tsaka. Abin da ke baƙo a wurinmu shi ne makamin da ba wanda ya san da shi sai mai shi da dillalinsa. Kuma ƙasar nan ta riga ta ɗanɗani wahalar tattara makami bayan ya watsu. Tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI don karɓar haramtattun makamai, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, amma sai ranar 25 ga Satumba 2000 aka kai ga ƙona bindigogi fiye da 1,000 a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Shigowarsu cikin dare ɗaya ne, fitar da su kuwa sai da aka shekara da shekaru.

To me za a yi? Ba zan ce wa ƙanena ya yi haƙuri kawai ba, domin haƙuri ba ya biyan bashin babur. Akwai abin da ke hannunmu tun yau. Malaman da ke yanki guda su haɗa ranar tafiya, su fita da hantsi su dawo kafin la'asar, babur uku ko huɗu a jere, kamar yadda fatake ke yi tun kaka da kakanni. A daina yawo da albashi a aljihu inda ake iya karɓarsa ta waya. Kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye su zauna da mai gari a samar wa malami ɗaki a cikin gari, kusa da jama'a, a maimakon a bar shi shi kaɗai a bayan gari. Kowane darakta ya riƙe lambar jandarma da ta sarkin yanki, a kuma saba kai rahoton duk abin da aka gani tun yana ƙarami. Mai tare hanya ya fi tsoron garin da ya san baƙonsa a kan mutum guda mai ƙarfe a ƙugu.

Ku kuma iyaye, aikinku ya fi na kowa. In ɗanku ya dawo daga Libiya ko Jado ko kudu, ku san abin da ke cikin jakarsa, ba rashin yarda ba ne, gida naku ne. Ku duba abin da yara ke kallo a waya, ku zauna ku kalla tare, ku yi musu irin tambayar da na yi wa ƙanena. Ku koya wa ƙanana cewa in sun tsinci harsashi ko wani baƙon ƙarfe a daji kada su taɓa, su zo su faɗa, kuma in sun faɗa kada a doke su, domin yaron da aka doka gobe ɓoyewa zai yi. Bindigar roba da muke saya musu da salla ma ya kamata mu sake tunani a kanta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda kuma ya riga ya mallaki makami ba bisa ƙa'ida ba, ya nemi sarkinsa ko limaminsa su yi masa jagora zuwa wurin hukuma, tun kafin wani ya riga shi kai labari.

Hukuma ma da sauranta. Ba a hana mutum kare kansa sannan a bar shi a sarari. Muna son a riƙa ganin sintiri a hanyoyin kasuwa, musamman daren da 'yan kasuwa ke dawowa da kuɗi. Muna son a fitar da ranar sakin gonaki a kan lokaci, a kuma kare burtali da mashaya, domin mafi yawan rigimarmu daga nan take tasowa. Muna son wanda ya kai rahoto a rufa masa asiri, wanda ya miƙa makami da kansa kuma kada a mayar da shi abin kwatance, in ba haka ba ba wanda zai biyo bayansa. Kuma a ci gaba da zama da hukumomin Jigawa da Katsina, ko da siyasar manya ta yi tsami, domin dillalin harsashi ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Da muka tashi daga wurin mai shayi, ƙanen nawa bai ce na gamsar da shi ba. Cewa ya yi, "Yaya, zan yi tunani." Na ce ya isa. Na roƙe shi abu guda, kafin ya ba kowa ko dala, ya je ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya nuna wa kansa wurin da zai ajiye harsashin da ɗansa mai shekara huɗu ba zai kai hannu ba, sannan ya tuna fuskar mutumin da zai riƙa kira duk lokacin da suka ƙare. Jiya ya aiko mini da saƙo cewa su huɗu sun shirya za su shigo tare ƙarshen watan nan, in ajiye musu shayi. Maganar bindiga bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba.

Allah ya tsare mana yaranmu da makarantunmu, ya kawo wa 'yan'uwanmu da ke cikin wannan masifa sauƙi, ya bar mu da zaman lafiyar da muka gada.